ARJALIYE: GARIN DA YA DOGARA GA ITACE GUDA

A kudancin ƙasar Faransa, cikin jahar da ake kira Od, akwai wani ɗan gari mai suna Arjaliye. Da faransanci ana rubuta sunan Argeliers. Mutanensa dubu biyu ne da ƴan kai, kuma tsakaninsa da birnin Narbon wajen kilomita 20 ne. Gari ne na manoma. Amma baƙon da ya je can ba zai ga gero ba, ba zai ga dawa ba, alkama ma sai ya nema. Duk inda ya duba, gabas da yamma, kudu da arewa, itacen inabi ne jere layi-layi har gindin duwatsu.

Inabi ɗan itace ne mai daɗi. Ana cinsa ɗanye, ana shanya shi ya zama zabibi. Su mutanen Arjaliye giya suke yi da nasu, su sayar, su sayi cimaka. Kowa ya san hukuncin giya ga Musulmi, kuma ba tallarta ake yi a nan ba. Labarin garin labari ne na manomi da kasuwa, na wanda ya noma da yawa ya kwana da yunwa. A shekarar 1907 mutum 87 suka tashi da ƙafa daga wannan ƙauye. Kafin wata uku sun tada jama'a fiye da dubu 500, har gwamnatin Faransa ta sake doka.

Yadda ake noman inabi

Damanarsu ba irin ta ƙasar Hausa ba ce. Can ruwa yakan sauka lokacin sanyi da kafin zafi, watannin zafi kuwa ƙasa takan bushe ƙamas. Itacen inabi yana jure wannan, domin saiwarsa tana nutsewa ƙasa ƙwarai ta nemo laima. Yana son ƙasa mai tsakuwa, wadda alkama ba ta so.

Ba shuka ba ce ta shekara guda. Wanda ya dasa bana sai ya jira shekara 3 kafin ya tsinki abin kirki, daga nan kuma itacen yana iya ba da ƴaƴa shekara 40 ko fiye. Saboda haka manomin inabi ba ya iya sake shawara da sauri. In kasuwa ta faɗi, ba ya cewa baɗi zai shuka wani abu. Dukiyarsa tana kafe cikin gona.

Aiki ba ya ƙarewa. Daga Disamba zuwa Maris, cikin tsananin ɗari, ana bin itatuwa ɗaya-ɗaya da almakashi ana datse rassa, a bar ƴan idanu kaɗan da za su tofo. A Afirilu suke tofowa, nan ne manomi ke fargabar sanyin dare, wanda kan ƙone tofon cikin asuba guda. A Yuni suke fure. Ana fesa musu farar wuta da wani magani na jan ƙarfe da farar ƙasa, saboda cututtukan ganye. Girbi yana kamawa daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba. A da, maza da mata da yara duk fita suke da wuƙaƙe da kwanduna, har ana ɗauko ƴan ƙodago daga ƙasar Espanya. Yanzu inji ke yin yawancin aikin, sau da yawa da dare, kafin rana ta yi zafi.

In an tsinko sai a matse, a zuba ruwan cikin manyan randuna na siminti ko na ƙarfe, zaƙin da ke ciki ya tsima da kansa. Ma'auninsu shi ne hektolita, wato lita 100, rabin babbar tano ta kananzir ke nan.

Hanyar ruwa da hanyar jirgi

Kakannin mutanen Arjaliye ba inabi kaɗai suke nomawa ba. Suna da alkama, suna da zaitun, suna kiwon tumaki. Inabi ɗaya ne cikin amfanin gona. Abin da ya sake zaman shi ne hanya.

Da farko aka haƙa wata doguwar hanyar ruwa da hannu, mai tsawon kilomita 240, daga birnin Tuluz zuwa bakin teku. An buɗe ta a 1681, kuma ta gefen Arjaliye ta bi. Har yanzu tana nan. Sannan a 1857 jirgin ƙasa ya iso yankin. Daga nan abin da aka matse a ƙauye yana kaiwa Pari da garuruwan masana'antu na arewa cikin ƴan kwanaki. Leburorin izini da masu haƙar gawayi suna saye kullum. Kuɗi suka shigo. Manomi ya duba ya ga hekta guda ta inabi ta fi hekta da yawa ta alkama kawo riba, sai ya tuge alkama ya dasa inabi. Maƙwabcinsa ya gani, shi ma ya yi haka. Cikin shekaru kaɗan ƙasar duka ta koma gandari guda, burodin da za a ci ma sai an sayo.

Ƙwaron da ya ci saiwa

A 1863 wasu gonaki a jahar Gar suka fara bushewa ba a san dalili ba. Ganye ya yi ja, itace ya rame, bayan shekara biyu ko uku ya mutu. Sai a 1868 wani malamin ilimin tsirrai na birnin Mompeliye, mai suna Planchon, shi da abokan aikinsa suka tone gindin itacen da bai gama mutuwa ba. Suka tarar da wani ɗan ƙwaro rawaya, ɗan'uwan darɓa, da ƙyar ido ke ganinsa, ya lulluɓe saiwa yana tsotsa. Sunansa filoksera. Daga Amurka ya zo, cikin dashen da aka shigo da shi.

An gwada dabaru iri-iri. Wasu suka cika gonaki da ruwa kwana 40 lokacin sanyi don ƙwaron ya nutse. Wasu suka riƙa ɗura guba cikin ƙasa. Wasu suka koma dashe cikin rairayin bakin teku, inda ƙwaron ba ya iya tafiya. A 1874 gwamnati ta sa ladar faran dubu 300 ga duk wanda ya samo magani, amma ba wanda ya karɓe ta. Abin da Faransa ke samu ya faɗo daga hektolita miliyon 84 a 1875 zuwa miliyon 23 a 1889.

Maganin ya fito daga inda cutar ta fito. Itacen inabin Amurka ya saba da ƙwaron, saiwarsa ba ta mutuwa. Sai aka riƙa dasa na Amurka, a yanke kansa, a ɗaura masa reshen na Faransa, kamar yadda ake yi wa mangwaro aure. Gindi baƙo, kai ɗan gida. Har yau kusan duk inabin Faransa haka yake.

Ƙwaron ya makara kafin ya iso ƙasar Od. Shekarun da wasu ke kuka, manoman wajen Narbon suna sayarwa da tsada, suna ƙara gonaki. Da nasu ya zo, suka ci bashi suka sake dashe. Kuma suka zaɓi irin da ya fi kowane yawan ruwa, wanda ake kira aramo, ko da yake ba shi da ƙarfi.

Albarka ta zama wahala

Lokacin da inabi ya yi ƙaranci, ƴan kasuwa sun koyi dabarun cike giɓi. Suna sayo zabibi daga ƙasar Girka su jiƙa. Suna zuba ruwa da sukari kan tuƙar da aka riga aka matse, su sake samun wani abin sayarwa. Turawan da suka zauna Aljeriya kuma sun dasa manyan gandaye, kayansu na shigowa tashar jiragen ruwa ta Set ba kuɗin duwan, domin a lokacin Faransa na ƙidaya Aljeriya cikin ƙasarta.

Da sababbin gonaki suka fara ba da ƴaƴa wajen 1900, waɗannan dabaru ba su tsaya ba. A 1903 ma aka rage kuɗin da gwamnati ke karɓa bisa sukari, sai haɗin ya ƙara araha. Kaya suka yi wa kasuwa yawa. Hektolita da a da ake sayarwa faran 20 ko fiye, ta faɗo faran 6 ko 7 a wasu shekaru, abin da bai biya ko kuɗin aiki ba. Wani manomi girbi na zuwa randunansa na cike da na bara, sai ya zubar a rafi don ya samu wurin sa sabo.

Wahala ta bi kowa. Mai gona ya kasa biyan lebura. Lebura ya kasa biyan mai burodi. Mai kanti ya rufe. Mai karɓar lanho kuwa bai daina zuwa ba, wanda ya kasa biya a fitar da kayan ɗakinsa a yi gwanjo. Ga dukiya cike da randa, ga yara na kwana da yunwa.

Mutum 87

A Arjaliye akwai wani mutum mai suna Marcelin Albert, an haife shi a garin a 1851. Yana da ƴar gonar inabi, yana da kuma shagon shan gahawa. Ba mai sarauta ba ne, ba ɗan majalisa ba ne, ba ya cikin wata jam'iyya. Shekara da shekaru yana yawo kasuwa-kasuwa, ya hau bisa itace yana wa'azi guda: a hana haɗin ƙarya, a bar na inabi tsantsa. Mutane da yawa suna yi masa dariya, suna ɗaukarsa taɓaɓɓe.

A watan Maris na 1907 majalisar dokoki ta aiko da wasu wakilai Narbon don su binciki matsalar. Ran 11 ga wata Albert ya tara mutanen garinsu, su 87, suka taka da ƙafa har Narbon, da ganga da ƙaho a gaba. Suka faɗi kukansu. Aka saurare su, aka sallame su da alkawari. Da suka ga alkawari ba ya cika tukunya, sai suka kafa kwamiti, suka yanke shawara guda: kowace Lahadi za a yi taro a wani gari dabam, cikin lumana, ba maganar jam'iyya, ba bambanci tsakanin mai gona da lebura. Suka kuma fara buga ƴar jarida mai suna Le Tocsin, wato ƙararrawar gangami, tana kai labari ƙauye-ƙauye.

Ran 24 ga Maris, a ƙauyen Salel, mutum wajen 300 suka zo. Ran 7 ga Afirilu aka samu wajen dubu guda. Ran 14 ga wata dubu 5. Ran 5 ga Mayu, a Narbon, wajen dubu 80, kuma a ranar ne magajin garin, likita Ernest Ferroul, ya shiga tafiyar. Ran 12 ga Mayu, a Beziye, an haura dubu 100. Nan aka ba gwamnati wa'adi: in ba ta yi wani abu ba kafin 10 ga Yuni, ba wanda zai ƙara biyan lanho. Taro ya ci gaba a Perpinya, da Karkason, da Nim, kowane ya fi na baya. Ran 9 ga Yuni, a Mompeliye, jama'a ta wuce dubu 500. Mutane sun zo cikin jirgin ƙasa, da amalanke, da ƙafa, mata da goyo, tsofaffi da sanda. Limamin kirista na birnin ya sa aka buɗe majami'u don baƙi su samu wurin kwana. Kowane ƙauye da allonsa a sama, an rubuta kukan yunwa. Mutumin da ake yi wa dariya jiya, yau an ɗauke shi bisa kafaɗa.

Jini a Narbon

Wa'adi ya cika ba a yi kome ba. Ran 10 ga Yuni Ferroul ya ajiye muƙaminsa. Cikin ƴan kwanaki magadan gari fiye da 400 suka bi sahunsa. Aka rufe ofisoshi, wasu ma aka toshe ƙofarsu da bulo. Ba mai karɓar lanho, ba mai sa hannu ga takarda.

Shugaban gwamnati a lokacin shi ne Georges Clemenceau, kuma shi ke riƙe da ma'aikatar cikin gida. Ya ɗauki abin tawaye ne ga ƙasa. Ya turo dubban sojoji, na ƙasa da na doki. Da asubar 19 ga Yuni aka kama Ferroul da wasu ƴan kwamitin Arjaliye. Albert ya ɓuya. Gari ya yamutse. A ranar da kashegari sojoji suka buɗe wuta a Narbon, aƙalla mutum 6 suka mutu, cikinsu har da wata budurwa ƴar shekara 20.

Labari ya kai garin Agde, inda aka ajiye wata runduna mai lamba 17. Yawancin sojojinta ƴaƴan manoman yankin ne. Da suka ji an harbi mutane, wajen 500 daga cikinsu suka ɗauki bindigoginsu cikin dare, suka taka har Beziye, suka zauna tsakiyar gari tare da jama'a. Ba su harbi kowa ba. Kashegari aka lallashe su suka koma bariki, daga baya aka kwashe su zuwa Gafsa, can kudancin Tunusiya. Amma magabata a Pari sun tsorata. Sun gane ɗa ba ya ɗaga bindiga ga ubansa don an ba shi oda.

Faran ɗari

Ana neman Albert a kudu, sai ga shi a Pari. Ran 23 ga Yuni ya je da ƙafarsa ofishin Clemenceau, shi kaɗai, ba mai ba shi shawara. Suka gana. Ya yarda zai koma gida ya kwantar da hankalin jama'a, sannan ya miƙa kansa ga hukuma. Da zai fita ba shi da kuɗin jirgi, sai Clemenceau ya ba shi takardar faran 100. Ya karɓa.

Bai kai gida ba Clemenceau ya kira ƴan jarida ya ba su labari yadda yake so, har da maganar kuɗin. Kafin Albert ya sauka daga jirgi, magana ta riga shi: an saye shi. Mutanen da suka ɗauke shi bisa kafaɗa mako biyu da suka wuce suka juya masa baya. Ya shiga kurkuku a Mompeliye, aka sake shi farkon Agusta. Da ya koma Arjaliye da ƙyar ya tsira daga hannun mutanen garinsu. Ya mutu cikin talauci a 1921. Sai bayan ransa aka gane ba cin amana ya yi ba, rashin sanin makircin manya ne. Yau tituna da filaye da yawa a kudancin Faransa suna ɗauke da sunansa.

Duk wanda jama'a ta ɗora wa wakilci, ko na koperatib ne, ko na ƙungiyar gari, yana da abin koyo a nan. Ba a zuwa gaban mai iko mutum ɗaya. Kuma ba a karɓar ko kuɗin mota daga hannun wanda ake ciniki da shi.

Abin da aka samu

Jinin bai zuba banza ba. Ran 29 ga Yuni 1907 majalisa ta yi doka. Ta hana ƙara ruwa, ta ɗora kuɗi mai nauyi bisa sukarin da ake zubawa. Ta kuma wajabta wa kowane manomi, bayan girbi, ya je ofishin magajin gari ya faɗi faɗin gonarsa da yawan abin da ya samu, a rubuta, a manna inda kowa zai gani. Da haka wanda ke da hekta 2 ba ya iya sayar da kayan hekta 10 ba a tambaye shi ba. Ran 22 ga Satumba manoman suka kafa babbar ƙungiyarsu ta yankin, Ferroul ne shugaba. Suka riƙa tara kuɗi suna biyan ma'aikatansu na kansu, masu bin kantuna da ɗakunan ajiya suna kai masu algus kotu.

Amma a faɗi gaskiya: algus ba shi kaɗai ne ciwon ba. Babban ciwon shi ne kaya sun fi masu saye yawa. Farashi bai tashi sosai ba sai a 1910, shekarar da cutar ganye ta lalata girbi. Abin mamaki ke nan ga mai noman sayarwa: shekarar albarka ta kashe shi, shekarar masifa ta tashe shi.

Magani mai ɗorewa ya fito daga wani ƙauye kusa da Beziye, mai suna Marosan. Tun a Disamba 1901 ƙananan manoma 128 suka haɗa kai don su sayar tare, ba ta hannun dillali ba. Suka ƙulla ciniki kai tsaye da kantunan ƙungiyoyin ma'aikata na Pari. A 1905 suka gina ɗakin matsa na tarayya, na farko irinsa a Faransa, har shahararren ɗan majalisa Jean Jaurès ya kawo musu ziyara a shekarar. A goshin ginin suka rubuta takensu, mai nufin kowa na kowa ne.

Tsarin ba shi da wuya. Manomi ya kawo inabinsa, a auna nauyi, a auna zaƙi, a rubuta cikin littafi gabansa, a ba shi takarda. Koperatib ta matse, ta ajiye, ta jira lokacin da farashi ya yi kyau. Ana biyan manomi kashi-kashi cikin shekara, saboda haka ba ya sayar da kayansa da gaggawa don yunwa. Wurin zaɓen shugabanni, mai hekta guda da mai hekta 20 kowa murya guda gare shi. Tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu irin waɗannan ɗakuna suka bazu ƙauye-ƙauye, Arjaliye ma ta gina nata. Har yau fiye da rabin abin da yankin ke samarwa ta hannun koperatib yake bi.

Daga 1976 zuwa yau

Matsalar ba ta mutu ba, kamanni take sakewa. Bayan Aljeriya ta samu ƴanci a 1962, kayanta suka ja baya. Sai ga na Italiya, da aka buɗe iyakoki cikin kasuwar tarayyar Turai. Ran 4 ga Maris 1976, a gadar Monredon kusa da Narbon, manoma da ƴan sandan kwantar da tarzoma suka yi musayar wuta. Mutum biyu suka mutu, manomi guda da kumandan ƴan sanda guda. A Oktoba 2023 kuma manoma suka tare kamyo-kamyo masu shigowa daga Espanya, suka zubar da kayan bisa titi.

Masu saye ma sun ragu. Wajen 1960 abin da Bafaranshe guda ke sha a shekara ya wuce lita 100. Yanzu bai kai rabin haka ba, domin likitoci sun yi ta faɗakarwa bisa cutarwar giya, samari kuma sun rage sha. Gonakin inabin yankin, da suka wuce hekta dubu 400 a shekarun 1970, sun ragu da kusan rabi. Hukuma da kanta ke biyan manomi ya tuge. A shirin da aka buɗe a 2024 an ba da ero dubu 4 ga kowace hekta, wato sefa miliyon 2 da jika 600 da ɗoriya. Tsoho ya karɓi kuɗi, tarakta ta tuge cikin yini guda abin da ubansa ya dasa.

Ga kuma fari. Daga 2022 zuwa 2024 ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai a wannan gefe na Faransa, girbi ya ragu. A Agusta 2025 wata gobarar daji ta ci wajen hekta dubu 16 cikin jahar Od, a duwatsun da ke kudu da Narbon. Manoma suka ce a da gonakin inabi ke tare wuta, domin ƙasarsu a share take, ganyensu ɗanye. Inda aka tuge, busasshiyar ciyawa ta maye, wuta ta samu hanya.

Waɗanda suka rage sun sake dabara. Sun tuge aramo, sun dasa iri masu ƙarancin ruwa amma masu daraja. A 1985 yankin Minerbuwa, inda Arjaliye take, ya samu takardar shaida ta hukuma, wadda ke hana wani ya sayar da kayansa da sunan yankin. Wasu sun koma ga zaitun na kakanninsu: a Biz, maƙwabciyar Arjaliye, akwai koperatib ta masu zaitun. Wasu suna samun na cefane wurin baƙi masu yawon buɗe ido, waɗanda ke bin tsohuwar hanyar ruwa cikin ƙananan jirage.

Abin lura ga manomin gyaɗa

Dattawan Maraɗi da Damagaram ba sai an fassara musu wannan labari ba. A shekarun 1960 gyaɗa ce kan gaba cikin abin da ƙasar Nijar ke fitarwa waje. Ita ke biyan lanho, ita ke yin aure, ita ke sayen keke da rediyo. Sai ga farin 1973. Sai ga kuturtar gyaɗa a 1975, wadda darɓa ke yaɗawa. Ɗan ƙwaro a can, ɗan ƙwaro a nan. Wanda ya ba gyaɗa gonarsa duka ya rasa kuɗi ya rasa hatsi. Wanda ya bar wa gero da wake rabonsu ya sha wuya, amma bai bar gida ba.

Yau wani albasa ce dogaronsa, wani tattasai, wani riɗi, wani aya. Noman sayarwa ba laifi ba ne, da shi ake samun kuɗin magani da na lakwal. Amma mutanen Arjaliye sun biya tsada kafin su koyi abu uku. Rumbu shi ne farko, kasuwa ta biyo baya. Wanda ya sayar shi kaɗai ranar girbi, dillali ke yanka masa farashi, waɗanda suka ajiye tare suka sayar tare kuwa su ke yankawa. Sannan ba abin da ya kare ƙaramin manomi a can kamar rubutu: nauyi a rubuce, faɗin gona a rubuce, kuɗi a rubuce, a manne inda kowa zai karanta. Manomin da bai iya karanta sikeli da takardar awo ba, ko koperatib ɗinsa ta fi kowace kyau, amanar wani yake ci gaba da dogara gare ta.

Girbi ya wuce, ajin yaƙi da jahilci yana buɗe a gari. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.